Ka Riƙe Wuƙarka, Nasiru

Albarika, Parakou

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu da iyalan gidansa da sahabbansa.

Zuwa ga ɗana Nasiru,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar uba, kai da matarka Zainabu. Allah ya sa kun sauka Djougou lafiya, ya tsare ku daga sharrin hanya da na baƙon wuri, ya haɗa ku da maƙwabta na kirki. Innarka na ba takardar nan ta saka maka cikin jakar kaya, don ka buɗe bayan kun huta.

Ka san halina da waya. In na fara saƙon murya da nasiha, da faɗa nake ƙarewa. Shi ya sa na nemi biro na zauna. A aji uku na kolej na tsaya, amma abin da na ɗauko daga can ya isa in rubuta wa ɗana magana.

Makon jiya a abatuwar, mayankar gari, an kayar da farin bajimin nan an ɗaure, wuƙa tana hannunka, ka matso kusa da kunnena ka ce, "Baba, mutum in bakinsa ya yi bismilla amma zuciyarsa ba ta ji komai ba, yankansa ya halatta?" Na ce maka, "Kai, yanka mu tafi, mata suna jira da kwanoni." Ka yanka. Amsar da na ba ka ba amsa ba ce, kuma na san haka tun jinin bai gama zuba ba.

Da na koma gida ko takalmi ban cire ba Innarka ta tare ni.

"Alhaji, ka san ɗanka ya yi magana da wani mutum a Djougou ya riƙa yi masa yanka?"

Na ce, "Wane ɗan?"

Ta ce, "'Ya'ya nawa kake aikawa Djougou?"

Ta zauna ta faɗa mini abin da ka gaya mata. Wai tun bayan azumin bara kana tsayawa salla kamar an kafa turke. Kana addu'a, ba ka jin ta wuce rufin ɗaki. Ka yi istihara a kan tafiyar nan, ba mafarki, ba sanyin zuciya, ba ƙunci, shiru kawai. Ba ka yi rashi ba, ba ka yi ciwo ba, shi ya sa abin ya fi ba ka tsoro. Har ka fara cewa kai munafuki ne, ba ka son mutane su ci nama daga hannunka, ka kuma fara janye jiki daga masallaci.

To ga abin da ke gabanmu. Sabon shagon nan na Djougou, ko kai za ka riƙe wuƙarsa, ko ka miƙa ta ga ɗan haya ka koma bayan firigon sanyaya nama ka ɓuya. Ni kuwa na san hanyar nan. Wanda ya ajiye wuƙa saboda wannan dalili, ba a daɗewa yake ajiye buta.

Bari in tuna maka wanda ke yi maka magana. Ban gaji tebur a kasuwa ba, ban gaji ko ƙugiyar rataye nama ba. Da wankin kayan ciki na fara, hannuna cikin tumbi tun rana ba ta fito ba, abokan karatuna suna wucewa da fararen riguna suna toshe hanci. Daga nan ɗaukar fata, daga nan fiɗa, daga nan aka yarda na riƙe wuƙa. Yau gidan da ka girma a ciki ni na ɗora kowane bulo nasa, kuma wasu daga masu toshe hancin nan suna aiko direbobinsu su karɓi nama a wurina. Ba Fulanin da ke kawo shanu kasuwar Tourou da bai san sunan Hamidu ba. Ina faɗa ne don ka san wanda zai ba ka labarin nan ba rago ba ne, kuma abin da ya same ka ya same shi.

Ya zo mini ne kana goye. Lokacin na fara tsayawa da ƙafata, kuma ina cikin zafin ibada. Ina jin karatu a masallaci sai hawaye. Rana ɗaya abin ya ɗauke, kamar yadda famfo ke ɗaukewa ba sanarwa. Na buɗe, na rufe, na jijjiga, ba ko ɗigo. Na sauya masallaci. Na bi masu zikiri, na bi masu wa'azi, duk inda aka ce ana kuka sai na je in ga ko zan samu nawa. Kowa yana sharar ido, ni ina kallon agogon bango.

A nan na yi wautar farko. Na gaji da shiru, ina son wani ya ce mini wani abu, ko ma mene ne. Wani abokin fawa ya kai ni wurin mai duba a bayan Ganou, irin masu zane a yashi. Ya shafa yashinsa, ya ɗiga yatsu, ya girgiza kai, ya ce an rufe mini ƙofa. Ya ce, "Ka nemo baƙin zakara, ka kai shi mararrabar hanya da rana tsaka, ka yanka. Amma bakinka a rufe. Kada ka ambaci sunan kowa."

Na sayi zakara, Nasiru. Ni, mahauci, mai cin abinci da sunan Allah. Na hau babur na wuce Tourou har na sami mararraba ba kowa. Na take fikafikai da ƙafa ɗaya, na take ƙafafu da ɗayar, na kama kai, na danne leɓɓana. Wuƙa tana taɓa wuya sai na ji murya ta ce, "Bismillahi, Allahu akbar." Na waiga in ga wa ya yi magana. Ba kowa sai ni. Da na duba da kyau ma, gabas na fuskantar da shi ban sani ba.

Na koma wurin mutumin na faɗa masa. Ya ɓata rai ya ce, "Ka lalata aiki. Sai ka sayo wani."

Na ce, "Malam, ko garke na sayo, haka bakin nan zai yi."

Na ɗauki zakarana na kawo gida. Innarka ta juya shi ta ce, "Yau wace rana, mahauci ya shigo da kaza?" Na ce ta dafa kawai. Ta yi mana miyar gyaɗa da shi. Sai bayan shekaru na gaya mata daga inda ya fito, ta yi kwana biyu tana kirana Alhaji mai zakara.

Na tuba daga wannan tafiya, kuma ban sake taka ƙofar irinsu ba. Amma ka duba abin da ya fitar da ni. Zuciyata ba ta taimake ni da komai ba a ranar, a bushe take ƙamas. Bakina ne, wanda ya saba da bismilla a kan kowace dabba, ya ƙi bin wautata. Abin da kake rainawa yau, kake cewa baki ne kawai, shi Allah ya sa ya riƙe ni. Saboda haka kada ka daina sabar wa bakinka da goshinka abin da suka saba. Kuma masu yashi suna nan a Djougou kamar ko'ina, suna gane baƙo mai damuwa daga tafiyarsa. Duk wanda ya ce zai faɗa maka abin da Allah ya yi shiru a kai, ka yi masa sallama ka wuce.

Wauta ta biyu ta fi ta farko wayo, don ta zo ne bayan aikin kirki.

Cikin wannan bushewar dai, na je ƙauyukan bayan Djougou na sayo shanuna na farko da kaina. Duk abin da na mallaka yana cikin kamyon, babbar motar da na loda su. Isufu ne shofer, wannan Isufun dai da ya kai ku, lokacin yana da gashi. Kafin mu kai gadar Bétérou mota ta mutu, rana tana dukan ƙarfe. Muna fama da inji sai na ji shanu suna turmutsutsu a baya. Na haura na leƙa. Jar saniyar, wadda ta fi duka girma, ta faɗi, sauran suna tattaka ta.

Ka san dokar aikinmu, wuƙa ba ta barin ƙugu a hanya saboda irin wannan. In ka riski dabba da sauran rai ka yanka, ta halatta. In rai ya riga ka, mushe ce. Na dira ciki na ture shanu da kafaɗa, na dafa wuyanta, na yi bismilla na ja wuƙa. Jini bai yi tsartuwa ba. Ya gangaro baƙi, a hankali, kamar an karkata kwalbar manja. Ba motsin ƙafa, ba na ido, ba numfashi.

Isufu yana saman ƙarfe ya ce, "Patron, ta motsa! Wallahi na ga wutsiya!"

Na ce, "Ƙuda ne ya motsa, Isufu."

Ya sauko ya rage murya. "Patron, doucement, bi a hankali. Nan daga ni sai kai sai shanu, shanu kuwa ba su magana. Mu feɗe ta, mu rufe da ganye, gobe kafin azahar ta ƙare a kasuwa."

Ba don mugunta ya faɗa ba, tausayina yake ji, ya san yadda na tara. Kuma zan gaya maka gaskiya, a lokacin ban ji tsoron Allah yana ratsa ni ba, ban ji wani haske ba. Haushi kawai nake ji. Amma hannuna yana kan wuyanta sa'ad da na yanka, na san abin da na sani, kuma na san hukuncin. Muka ɗaura mata igiya muka ja ta cikin daji. Na ce ya zuƙo mini gazuwal, man motar, daga tanki, na kwarara mata tun daga kai har wutsiya, don kada wani ya zo bayanmu ya kai wa mutane.

Isufu ya riƙe kai ya ce, "Saniya ta tafi, gazuwal ɗina ma ya bi ta?"

Har yau in na tuna ranar nan alfahari nake ji. Ba ɗan Parakou da ya taɓa cin mushe daga hannuna, ko a ranar da ba mai gani.

Ga inda na karkace. Na dawo gida ina jiran sakamako. Na ɗauka tunda na yi wannan, gobe ƙofa za ta buɗe, hawaye su dawo, kasuwa ta yi kyau. Ba abin da ya faru. Shekarar ma ta ƙara tsanani, sai da na koma yi wa wasu fiɗa. Na fara fushi a ɓoye. Ina zuwa salla ina cin magani kamar wanda aka yi wa rashin adalci. Ƙarshe na kai ƙara wurin Malam Sule, limaminmu na lokacin, Allah ya jiƙansa. Na ce, "Malam, na bar saniya guda don Allah, ga shi har yau shiru."

Yana gyaran carbinsa da ya tsinke, ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, "Hamidu, sayar masa da ita ka yi?"



Ya ce, "An ce kada ka ciyar da mutane mushe, ba ka ciyar ba. To an taimake ka ka bi umarni, kana neman wani tukwici kuma? Wanda ya fi ni ya fi ka, an taɓa ɗauke masa wahayi na wani lokaci har maƙiya suka samu abin faɗa. Ka ji an ce ya bar abin da aka sa shi? Tashi ka je, la'asar ta yi, kuma ka wanke rigar nan."

Kada ka yi ciniki da Ubangijinka, ɗana. Mu mutanen kasuwa wannan ce cutarmu, komai muka miƙa sai mu buɗe ɗaya hannun. Ka bi don an ce ka bi. Daɗin da kake ji a da kyauta ce, Mai ita ya ba ka lokacin da ya so, ya riƙe lokacin da ya so, kuma bai ce maka umarnin ya tashi ba. Kai da kanka ka sha aika Isufu kasuwannin daji inda ba rezo. In ya kira bai same ka ba, me kake so ya yi? Ya juya mota ya tafi inda ransa ya ba shi, ko ya tsaya a kan maganar ƙarshe da ka faɗa masa? Bambancin kawai, kai in ba rezo ba ka jin Isufu, Shi kuwa yana jin ka sarai. Kai ne ba ka jin amsa. Istiharar da ka yi ma haka take. Ka roƙa a zaɓa maka, ka yi shawara da manya, hanya ta buɗe, an sami shago, an sami gida. Ba dole sai ka ga farin doki a mafarki ba.

Yanzu tambayarka ta abatuwar. Ban yarda da kaina ba, sai da na je na sami limaminmu na yanzu, ban ce kai ne ba. Abin da ya faɗa shi ne abin da na koya tun ina saurayi: ka yi niyya, ka ambaci sunan Allah, ka yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu ba tare da ka ɗage hannu ba. Na ce, "Malam, hawaye fa?" Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, albasa ake yankawa?" Yankanka halal ne, Nasiru. Na bajimin nan ma halal ne, ni na ci daga cikinsa.

Batun munafunci kuwa, na yi shekaru cikin mahauta, na ga munafukai iri-iri. Na ga mai danna sikeli da ɗan yatsa yana salati. Ban taɓa ganin ɗayansu ya tsaya da wuƙa a hannu yana damuwa ko bismillarsa ta isa ba. Da Innarka ta gama ba ni labari na shiga ɗaki na zauna, abin da na ji ba baƙin ciki ba ne. Cewa na yi, ashe na haifi mutum. 'Ya'yan wasu suna tambayar ubanninsu mota, nawa yana tambayar ko naman da zai ba mutane ya halatta.

Ɗan hayar da kake shirin ɗauka, ka san abin da ke cikin zuciyarsa? Ka leƙa? Kai dai ka ga yana da gemu. Ni na zaga Djougou da ƙafata kafin mu buɗe shagon nan. Na gaisa da masu sakwara na bakin tasha, da 'yan tsire, da matan da ke dafa abincin biki, har da waɗanda ba sallarmu suke yi ba amma suna neman naman da suka yarda da shi. Kowa na ce masa, "Ɗana ne zai riƙa yanka, hannunsa hannuna ne." Ban saba faɗin magana in janye ba, kuma ban faɗi wannan don in yi talla ba. Na ga yadda kake shayar da dabba kafin ka kayar da ita, na ga ba ka wasa wuƙa a gabanta, na ga ba ka bari ɗaya ta ga ana yanka 'yar'uwarta. Waɗannan ban ma koya maka duka da baki ba.

Ka nemi masallacin da ya fi kusa da shago ka lizimce shi, ko limamin muryarsa ba daɗi. Kada ka bi yawon da na yi. In ka tsaya ba ka ji komai ba, ka cika ruku'unka da sujadarka, ka yi sallama ka koma aiki. Kada ka sauke wa Zainabu wannan nauyi da ɗaure fuska, baƙuwa ce a garin kamar kai, kuma ba ita ta ɗauke maka abin ba.

Saura magana ɗaya. Innarka ta ce abin da ya fi korar ka daga masallacin Albarika ni ne. Wai in ka gan ni a sahun farko ina sunkuyar da kai sai kunya ta kama ka, kana cewa Baba yana tare da Ubangijinsa, kai kana tsaye fanko a bayansa.

To ji abin da ko ita ba ta sani ba. Waccan bushewar ta farko ta wuce, ban ma san ranar da ta tafi ba, na sha shekaru ina jin daɗin ibadata. Amma tun da na dawo daga Hajjina na biyu ta sake dawowa, kuma har ranar da nake rubuta maka wannan ina cikinta. Mutumin da kake hange a sahun farko, abin da kake ji shi yake ji. Na tsufa, na gina gida, an kira ni Alhaji, kuma ina tsayawa gaban Ubangijina shiru kamar kai. Ka taɓa ganin wurina a sahu ba kowa? Ka taɓa jin an ce yau Hamidu ya ba wani wuƙa? Ban san yaushe za a buɗe mini ba, wataƙila sai a kabari. Zai same ni a inda ya ce in tsaya.

Saboda haka mutumin nan da ka nema ya riƙa yi maka yanka, ka je ka same shi da mutunci, ka ba shi haƙuri, ka haɗa masa da tsoka mai kyau ya kai gida. Ranar da aka kayar da dabbar farko a shagonka, kai za ka tsaya a kanta. In ka gama ka kira ni. Ba na bukatar dogon bayani, ba zan tambaye ka me ka ji ba. "Baba, na yanka" ya ishe ni.

Allah ya tsare ka a fitarka da shigarka. Ya tsare hannunka daga haram, ya tsare ƙafarka daga ƙofar da ba ta dace ba. Ya ba Zainabu lafiya da haƙurin baƙunta, ya ba ku zuriya mai albarka. Ya buɗe maka kafin ya buɗe mini, don kai ne mai doguwar tafiya a gaba. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mini amsar abatuwar.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Alhaji Hamidu mai nama